Jami'ar Mata ta Misisipi: an bar jaki ana dukan taiki

A garin Kolumbus na jahar Misisipi, can kudancin Amurka, akwai wata jami'ar gwamnati da ake kira Jami'ar Mata ta Misisipi. Mutanen jahar sukan taƙaita sunan su ce mata W kawai, wato harafin farko na kalmar mata a Ingilishi. An kafa ta a 1884, kuma ita ce makarantar ilimi mai zurfi ta farko a Amurka da wata jaha ta gina da kuɗin baitulmali musamman domin ƴan mata. Tun 1982 take ɗaukar ɗalibai maza. A farkon 2024 shugabanninta suka tashi haiƙan sai sun cire kalmar mata daga sunanta, bisa hujjar cewa kalmar ce ke korar ɗalibai. Cikin makonni biyar suka fito da sabon suna har sau biyu. Na farko, Brightwell, tsoffin ɗalibai suka yi masa ca har aka janye shi. Na biyu, Wynbridge, bai samu goyon bayan da ake buƙata ba, aka jingine maganar, zaman majalisar dokokin jaha na wannan shekara ya ƙare sunan yana nan yadda yake.

Waɗanda suka yi tsayin daka a kan tsohon sunan sun yi daidai, ko da yake wasunsu ƙaunar makarantarsu ce kawai ta motsa su. Akwai hujjar da ta fi ƙauna ƙarfi, kuma tana cikin tarihin makarantar da kuma lissafin ɗalibanta. Duk malamin da ya taɓa ganin an sake wa makaranta fenti alhali rufinta na yoyo zai gane abin da ake ciki.

Yadda aka sha wuya kafin a same ta

Jami'ar jahar Misisipi da ke garin Oksfod ta buɗe ƙofa a 1848, maza zalla. A 1856 wata matashiyar malama mai suna Sallie Reneau ta kai kuka gaban hukumomin jaha, tana neman a yi wa ƴan mata makaranta irin wadda aka yi wa samari. Majalisa ta saurare ta, ta amince, aka rubuta doka. Abu guda aka manta, shi ne kuɗi. Ko sisi ba a ware ba, saboda haka makarantar ta tsaya a kan takarda. Bayan yaƙin basasar Amurka ta sake komawa, aka sake amincewa, aka sake hana kuɗi. Ta rasu a 1878 a annobar zazzaɓin shawara, tana cikin masu jinyar waɗanda cutar ta kama, ba ta ga ko tubali ɗaya na abin da ta nema ba.

Wasu mata biyu, Annie Coleman Peyton da Olivia Hastings, suka ɗauki tutar. Suka yi ta rubutu a jaridu, suka yi ta bin ƴan majalisa, har a watan Maris na 1884 aka zartar da dokar kafa makarantar, wannan karon da kasafi. Garin Kolumbus ya ba da gine-ginen wata tsohuwar makarantar ƴan mata da ke can, ya ƙara da dala 50,000. A watan Oktoba na 1885 aka fara karatu da ɗalibai 341. Daga roƙon farko zuwa buɗe aji, an kwashe kusan shekara 30.

Abin da aka koyar a ciki ya cancanci a tsaya a kansa. A wancan zamani makarantun ƴan mata masu zaman kansu sun fi mai da hankali ga ƴaƴan masu hannu da shuni, ana koya musu kiɗan fiyano da ladabin karɓar baƙi. Wannan kuwa ta haɗa adabi da lissafi da kimiyya a gefe guda, a ɗaya gefen kuma sana'ar da za ta ci da mace: koyarwa, riƙe littafin kuɗi, rubutun gaggawa na akawu, aikin wayar tangaraho, zane da ɗinki. Yaƙi ya bar jahar cikin talauci, ya bar zawarawa da marayu ba adadi, kuma waɗanda suka tsara makarantar sun fahimci cewa ƴar manomi tana buƙatar abin da za ta riƙe kanta da shi. Sauran jahohin kudu suka kwaikwayi tsarin: Jojiya, Karolina ta Arewa, Alabama, Teksas, Fulorida, Oklahoma.

Daga wannan gida Eudora Welty ta fara karatun jami'a, daga 1925 zuwa 1927, kafin ta zama ɗaya daga cikin manyan marubutan ƙasar ta kuma ci lambar Pulitzer a 1973. Daga nan Lenore Prather ta fito, mace ta farko da ta zauna a kotun ƙolin jahar, ta kuma shugabance ta daga 1998. Bayan waɗannan da aka san sunansu akwai dubban malaman firamare da ma'aikatan jinya da suka riƙe ƙauyukan Misisipi tsawon ƙarni guda.

Tabon da ba ya ɓoyuwa

Mai kare sunan ba shi da ikon tsallake wani shafi mai muni. Sunan da doka ta ba makarantar a 1884 ya faɗa ƙarara cewa domin ilmantar da ƴan matan farar fata aka yi ta. A lokacin baƙar fata sun fi rabin mutanen jahar, suna biyan haraji kamar kowa, amma ƴaƴansu mata ba su da hurumin shiga sai dai a matsayin masu shara da wanki da dafa abinci. An canza suna a 1920, aka koma Kwalejin Mata ta Jahar Misisipi, ƙofar kuwa ta ci gaba da zama a rufe. Sai a 1966, shekara huɗu bayan tarzomar da aka yi a Oksfod lokacin da James Meredith ya shiga jami'ar can, mata shida baƙar fata suka fara karatu a Kolumbus. Shekara 82 ke nan bayan kafuwarta.

Masu son canji sukan kafa hujja da wannan su ce: ai ga shi an taɓa canza sunan, har sau biyu ma, domin a 1974 ne aka sa mata wanda take ɗauke da shi, to mene ne abin tayar da jijiyar wuya? Amsar ita ce a duba abin da kowane canji ya cire da abin da ya bari. An cire kalmar da ke nuna wariyar launi domin zalunci ce tun ranar da aka rubuta ta. An sauya kwaleji da jami'a domin makarantar ta girma. A duk sauye-sauyen nan ba a taɓa kalmar da ke nuna waɗanda aka gina gidan dominsu ba. Hasali ma bayan 1966 ne kalmar mata ta fara cika ma'anarta, tun da a lokacin ne ta haɗa da dukkan matan jahar. A yau kimanin kashi ɗaya cikin uku na ɗaliban baƙar fata ne. Jikokin waɗanda aka hana shiga suna zaune a azuzuwan, sunan ya zama nasu bayan dogon jira, sai kuma a ce yanzu ne ya tsufa?

Shari'ar Hogan da abin da ta hukunta

A 1979 wani ma'aikacin jinya mai suna Joe Hogan, mazaunin Kolumbus, ya nemi shiga sashen jinya na jami'ar domin ya samu digiri. Ya cika dukkan sharuɗɗa. Aka ce masa zai iya zama a aji ya saurara, amma ba za a rubuta shi ɗalibi ba, domin shi namiji ne. Sauran makarantun gwamnati da ke ba da wannan digiri suna nesa da garinsu, zuwa can na nufin barin aiki ko doguwar tafiya kullum. Ya kai ƙara, shari'a ta yi ta hawa har kotun ƙolin Amurka, wadda ta yanke hukunci ranar 1 ga Yuli 1982, alƙalai biyar suka goyi bayansa, huɗu suka ƙi.

Wadda ta rubuta hukuncin ita ce Sandra Day O'Connor, mace ta farko a wannan kotu, shekara guda bayan naɗa ta. Jahar ta kare kanta da cewa tana rama wa mata tauyewar da aka yi musu a baya. O'Connor ta nuna cewa a fannin jinya ba a taɓa tauye mata ba: a 1970 mata ne suka karɓi kashi 94 cikin 100 na digirin jinya a Misisipi. Hana namiji shiga, a ganin kotun, yana ƙara dasa tunanin cewa jinya aikin mata ne kawai, wannan kuwa ya saɓa wa gyara na 14 na kundin tsarin mulki, wanda ya wajabta wa jaha ta yi wa kowa adalci iri ɗaya a gaban doka. Hukuncin ya shafi sashen jinya ne kaɗai, amma hukumar jami'o'in jahar ta buɗe dukkan sassa ga maza a wannan shekara.

Hukuncin daidai ne, kuma mata sun ci moriyarsa. A 1996, da kotun ta tilasta wa makarantar soja ta jahar Bajiniya ta karɓi mata, a kan shari'ar Hogan ta dogara. Gidan da aka gina da harajin kowa bai kamata ya kori kowa saboda jinsinsa ba. Sai dai kotun ta yi magana ne a kan ƙofa. Ba ta ce uffan a kan allon da ke saman ƙofar ba, kuma fiye da shekara 40 maza suna shiga suna fita da digirinsu a ƙarƙashin wannan allo. A farkon 2024 kusan ɗalibi ɗaya cikin biyar namiji ne.

Hujjojin masu son canji

Hujjarsu ta farko ita ce samari da yawa ba su san jami'ar na ɗaukar maza ba, wasu kuma suna jin nauyin a ga kalmar mata a kan takardar shaidarsu. Rashin sani magani gare shi mai sauƙi, a sanar da su. Jin nauyin kuwa shi ne ainihin abin da ya kamata a tattauna. Shekaru aru-aru mata suna karatu a makarantun da ke ɗauke da sunayen sarakuna da janar-janar da attajirai maza, suna karɓar digirin da a Ingilishi sunansa ma na gwauro ne ko na ubangida, ba wanda ya ce a canza domin kada su ji kunya. In saurayi yana ganin ƙasƙanci ne a danganta shi da mata, to jami'a ce wurin da ya dace a warkar da shi daga wannan tunani. Idan ta goge sunanta domin ta lallashe shi, ta tabbatar masa ke nan cewa kunyarsa tana kan hanya. Abin mamaki, wannan shi ne irin tunanin da hukuncin 1982 ya yi tir da shi, sai ga shi ana son a dawo da shi ta bayan gida da sunan bin hukuncin.

Hujja ta biyu ita ce zamani ya wuce. Mata sun fi maza yawa a jami'o'in Amurka tun wajen 1980, a yau sun kusa shida cikin goma, saboda haka yaƙin ya ƙare. Lissafin gaskiya ne, amma a duba jahar da ake magana a kanta. Gyaran kundin tsarin mulki da ya ba matan Amurka ƴancin zaɓe ya fara aiki a 1920, majalisar Misisipi ta ƙi amincewa da shi a lokacin, ba ta sa masa hannu ba sai a 1984, shekara 100 cif bayan kafa makarantar Kolumbus. Sai a 1968 aka yarda mace ta zauna cikin ayarin ƴan ƙasa masu yanke hukunci a kotunan jahar, ita ce ta ƙarshe a duk ƙasar. Dokar biyan mace da namiji albashi ɗaya a kan aiki ɗaya sai a 2022 ta samu shiga, nan ma ita ce ta ƙarshe. A irin wannan wuri, jami'ar da sunanta ke tuna wa ƴan majalisa bashin da ke kansu ba ta gama aikinta ba.

Hujja ta uku ita ce sauran makarantun da aka kafa a kan wannan tsari duk sun sauya suna sun bunƙasa. Ana yawan kawo misalin Kwalejin Mata ta Jahar Fulorida, wadda ta koma Jami'ar Jahar Fulorida a 1947 ta zama gagaruma. Amma abin da ya faru a can shi ne sojojin da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu sun cika makarantu, gwamnatin tarayya na biya musu kuɗin karatu, jahar kuma ta zuba dukiya. Kuɗi da yawan jama'a ne suka ɗaga ta. Ga kuma misalin da ba su cika son ambata ba: Jami'ar Mata ta Teksas da ke garin Denton, wadda aka kafa a 1901. Ta fara ɗaukar maza a wasu sassa a 1972, ta buɗe musu dukkan sassa a 1994, duk da haka ba ta cire kalmar mace daga sunanta ba, tana da rassa a Dalas da Hustan, ɗalibanta sun kai wajen 15,000. Wani zai ce ai Denton na kusa da Dalas, inda jama'a ke ƙaruwa kullum. Madalla, ya faɗi gaskiya, kuma ya rushe hujjarsa da bakinsa: wurin zama da yawan jama'a ne ke cika aji.

Inda ciwon yake

Jami'ar Kolumbus tana da ɗalibai wajen 2,200 lokacin da aka tayar da maganar suna, kuma adadin ya yi shekaru yana raguwa. Wannan damuwa ce ta gaske, shugabannin ba su ƙirƙire ta ba. To amma Misisipi jaha ce mai mutane ƙasa da miliyan uku, tana ɗaya daga cikin jahohi uku da yawan jama'arsu ya ragu tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2020, kuma tana da jami'o'in gwamnati takwas. Haihuwa ta ragu a Amurka bayan rikicin tattalin arziƙi na 2008, saboda haka masu gama sakandare za su ci gaba da ƙaranci. Manyan jami'o'i biyu, ta Oksfod da ta Istakbil, kowace na da ɗalibai fiye da 20,000, suna da ƙungiyoyin ƙwallo da ake nunawa a talabijin, suna da masu ba da gudummawa, suna janye yaran da a da ƙananan makarantu ke samu. Istakbil kuwa tafiyar kilomita 40 ce kawai daga Kolumbus. Jami'ar Delta da ke yammacin jahar ba ta da kalmar mata a sunanta, amma ita ma ta yi asarar ɗalibai masu yawa a waɗannan shekaru, har ta rufe wasu sassa a 2024. Ciwon da ya kama gidaje da yawa a unguwa ɗaya, ba a neman dalilinsa a sunan maigida ɗaya.

Akwai kuma abin da tsoffin ɗaliban suka daɗe da lura da shi. Duk lokacin da maganar suna ta taso, maganar haɗiye jami'ar na biye da ita. A 2009 shugabar jami'ar ta lokacin, Claudia Limbert, ta ba da shawarar a sa mata sunan Reneau, wanda aƙalla yana girmama mace ta farko da ta yi fafutukar. Kafin shekarar ta ƙare gwamna Haley Barbour ya kawo shawarar a narkar da ita cikin jami'ar Istakbil. Duka biyun suka mutu a majalisa. A 2024 aka maimaita: ana cikin cacar baki a kan Brightwell da Wynbridge sai ga ƙudurin doka na mai da ita ƙarƙashin Istakbil, ga wani kuma na rufe uku daga cikin jami'o'in jahar. Su ma ba su wuce ba. Suna linzami ne, in ji Hausawa. Makarantar da ake kira ta mata tana da tarihin da za ta tsaya a kansa, tana da dubban tsoffin ɗalibai da za su cika harabar majalisa idan aka taɓa ta. Wata Brightwell da ba wanda ya taɓa karatu a cikinta, wa zai fito ya kare ta ranar da aka zo rufewa?

Mutanen Damagaram sun san cewa ayarin raƙuma ya daɗe da daina sauka a Zango kamar da, amma ba wanda ya taɓa kawo shawarar a sake wa unguwar suna domin kada baƙo ya ɗauka masauƙin fatake ce. Sunan yana gaya wa yaro yadda garinsu ya samu, kuma mazauna unguwar ba su rasa komai ba saboda shi.

Abin da ya kamata a yi

Idan ƴan majalisar Misisipi suna son jami'ar ta rayu, hanyar a fili take, kuma tana da tsada fiye da sabon allo. Sashen jinyarta na da suna a jahar da ke fama da ƙarancin ma'aikatan asibiti, sai a faɗaɗa shi. Ɗalibanta da yawa mata ne masu aiki da ƴaƴa, waɗanda ba wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu, sai a ba su tallafin karatu da wurin renon yara da darussan dare. Tsoffin gine-ginenta na buƙatar gyara, sai a ware kuɗin. A gaya wa samari a kowace makarantar sakandare cewa ƙofa a buɗe take gare su tun 1982. Idan an yi duk wannan shekara goma ɗalibai ba su ƙaru ba, to a dawo a yi maganar suna.

Malaman da ke karanta wannan mujalla, waɗanda ke ganin yadda kujerun ƴan mata ke raguwa daga ajin siziyam zuwa tarminal, za su fi kowa gane darasin 1856. Hukuma takan amince da ilimin mata cikin sauƙi, ta yi doka, ta yi biki, ta sa suna ko ta cire suna, domin duk waɗannan ba su cin kuɗi sosai. Wurin da ake gane gaskiyarta shi ne ranar rabon kasafi. Sallie Reneau ta samu amincewa sau biyu ta mutu ba makaranta. Bayan shekara 140 da kafa jami'ar da ta yi mafarki, an sake taruwa ana muhawara a kan abin da za a rubuta a bakin ƙofa, alhali tambayar da ta yi wa majalisa tun farko, nawa za a ware, ita ce har yanzu ke jiran amsa.